Sunan Sayibu a Takardar 'Yan Zawiya

Funtuwa,
9 ga Oktoba, 2020.

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka a Doha. Mu nan lafiya, sai godiya. Ana ta maganar buɗe makarantu, mu malamai mun gaji da zaman gida har mun fara kewar surutun yara. Inna tana nan, gwiwa ce dai ke damunta, ga hawan jini.

Ka san ni ba mai rubuta maka wasiƙa ba ce. Kakanka da kakana wa da ƙane ne, gaisuwar salla da ta mutuwa ce ke haɗa mu. Yau ma da gangan na ƙi kiranka, domin a waya mutum na iya cewa layi ya yanke. Na rubuta da hannuna, na ɗauki hoto na turo maka. Kai ma ka amsa da naka hannun.

Shekaranjiya wata abokiyar aikina ta turo min guntun bidiyo, ba ta ma san ya shafe ni ba. Maza ne kamar ashirin suna taro ta waya, kowa a ɗakinsa, fuskoki a jere kamar hotunan fasfo. A sama an rubuta: 'yan Zawiya mazauna Doha, cika shekara ashirin. Wani yana karanta sunaye daga takarda, duk sunan da ya kira sai sauran su ce Allah ya jiƙansa. Furfura ta canza ka, amma na gane muryar tun kafin in gane fuskar. Kai ne mai karatun. A na bakwai ka ce: Sayibu Aruna Funtuwa, tela. Suka ce Allah ya jiƙansa, kai ma ka ce.

Bari in tuna maka, ko shekaru sun sa ka manta. Kai ka zo ka yi ta zuga yayana har ya rufe shagonsa ya bi ka Libiya. Bayan shekara biyu mutanen garin Zawiya suka far wa baƙaƙen fata, jirgi ya kwaso ku, kai ka sauka, shi bai sauka ba. Ina 'yar shekara goma sha bakwai, ina tsaye a bakin ɗaki, ka durƙusa gaban Inna da Baba ka ce kun rabu a guje, ba ka san inda ya yi ba, mai yiwuwa ya tsallaka wata ƙasa.

A kan wannan "mai yiwuwa" taka muke zaune har yau. Ba a yi masa salla ba, ba a yi sadakar uku ba, balle ta arba'in. Baba ya rasu yana jira. Inna kuwa bayan kowace salla sai ta ɗaga hannu ta ce, Allah ka dawo da yaron nan lafiya.

Tambayata ɗaya ce. Yayana ya mutu ne, ko kuwa mai rai kuke yi wa addu'ar matattu? Ban nuna wa Inna ba, ban gaya wa kowa ba. Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka,
Sahadatu Aruna.

*

Doha,
2 ga Nuwamba, 2020.

Ƙanwata Malama Sahadatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na gode da zumunci. Ki gaishe min da Inna Mero da kyau, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ki gai da maigidanki da yara.

Ni ma lafiya, alhamdu lillahi. Har yanzu ina gadi a wani dogon bene a West Bay, awa goma sha biyu a tsaye da takunkumi a fuska, ina auna zafin goshin mutanen da ko kallona ba sa yi. Kwana kuma a Sana'iyya, unguwar ma'aikata, mu shida a ɗaki. Da korona ta yi tsanani an kulle mu a can, ba shiga ba fita. Wannan ya sa na jinkirta amsa, ga shi kuma rubutu ya yi min nisa.

Maganar bidiyo, raina ya ɓaci da aka fitar da shi. Taron nan ba na nunawa ba ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na shiga wani masallaci a Al-Sadd, sai na ga wani dattijo yana alwala da tabon ƙuna a dantse. Malam Gariba ne, mutumin Kumasi, wanda muka zauna gida ɗaya a Zawiya. Direba ne a wani gida a Gharrafa. Daga mu biyu sai wannan ya kawo wancan, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Gana, duk waɗanda abin ya rutsa da su ko da 'yan'uwansu. Kowane ƙarshen Satumba mukan taru a ɗakinsa bayan Juma'a, mu sauke Alƙur'ani, mu ci shinkafa, a karanta sunaye. Ba mu da kabarin da za mu ziyarta, takardar nan ce maƙabartarmu. Bana cuta ta hana haɗuwa, muka yi ta waya, wani ya naɗa ba da saninmu ba.

Game da Sayibu, ki kwantar da hankalinki. Duk wanda bai dawo ba muna sa shi a takarda. Shekara ashirin babu labari, addu'a ba ta cutar da mai rai.

Kuma ki duba wani abu. Ranar da na durƙusa a gabanta, Inna Mero sannu da hanya kawai ta yi min, ta sa aka dama min fura. Duk zuwan da na yi bayan nan, ba ta taɓa tambayata shi ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka ba ta son a tayar da maganar. Tsohuwa mai hawan jini, a bar ta da abin da ke riƙe da ita.

Yayanki,
Haladu.

*

Funtuwa,
20 ga Nuwamba, 2020.

Yaya Haladu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta amsa gaisuwarka, ta ce Allah ya yi maka albarka. Ina faɗa maka ne don ka ji nauyin abin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Guntu aka fara turo min, yanzu na samo cikakken bidiyon, minti arba'in da ɗaya. Kafin ka fara karatu, wannan dattijon naku Malam Gariba ya yi magana. Ya ce: "Za mu fara da waɗanda muka sa a ƙasa da hannunmu, mutum goma sha ɗaya. Bayansu sai waɗanda ba a gani ba." Ni malamar aji uku ce, na iya ƙirga. Bakwai yana cikin goma sha ɗaya.

Wannan ƙaryar ma ba ta ƙona ni kamar maganarka ta ƙarshe ba. Wai Inna ba ta tambaye ka ba. Kai Bahaushe ne, ko a Doha aka yanke maka cibi? Sayibu ɗan farinta ne. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "yaron nan" take cewa. Kakarmu ce ta goye shi, ita ta yaye shi. Ko yana zazzaɓi Inna ba ta taɓa goshinsa a gaban mutane, sai dai ta aiki wani ya duba. Kai ma ɗan fari ne, uwarka ta taɓa tambayar wani lafiyarka a bainar jama'a?

Ranar da ka zo, kana fita ta ce in bi ka zaure in laɓe, ko za ka ƙara wa Baba wata magana. Na dawo na ce mata ba ka ƙara ba. Duk zuwan da ka yi a shekarun nan, kana tafiya sai ta tambaye ni, bai ce komai ba? Kunya ce ta ɗaure mata baki, ka sani sarai, sai ka shige bayan kunyarta ka ɓuya, har kana cewa ita ce ba ta so.

Yanzu na san ya mutu. Na yi kukana a banɗakin makaranta, na wanke fuska na koma aji. Abin da ya rage shi ne ka gaya min yadda aka yi, da inda yake. Ba zan je wa Inna da guntun bidiyo ba. Shekararta saba'in, ba ni da tabbacin tana da wasu ashirin ɗin da za ta ba ka.

Sahadatu.

*

Funtuwa,
25 ga Afrilu, 2021.

Yaya Haladu,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa. Wata biyar ke nan babu amsa. Wayarka a kashe. Na je gidanku, an ce ai kana can lafiya, aiki ne ya yi yawa.

Na gane. Da ka gudu daga Zawiya, yanzu kana gudu daga takarda. Inna ta kwanta sati biyu kafin azumi, har muka kai ta asibiti. Ta tashi, amma bana likita ya hana ta azumi. Ina zaune kusa da gadonta ina tunanin idan ta tafi a haka, ni da kai wa zai fi wani laifi.

Ba zan sake rubutowa ba sai na ji daga gare ka.

Sahadatu.

*

Doha,
11 ga Yuni, 2021.

Ƙanwata Sahadatu,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Inna Mero sauƙi. Takardunki biyu duk na gani.

Wata uku na farko gudu ne, kin faɗi gaskiya. Na ɗauki biro ya fi sau goma ina ajiyewa. Sauran kuma cutar ce ta kama ni. Na yi kwana ashirin da shida a asibiti da robar iska a hanci, sannan aka killace ni. Ni na ce kada a gaya wa mutanen gida. Ina kwance aka kawo Malam Gariba, shi bai fita ba. An binne shi a nan ban samu zuwa ba. Mu huɗu ne muka tona ramin Sayibu, biyu ban san duniyar da suke ba, na ukun ya tafi. Da na ga saura ni kaɗai, kuma numfashina a hannun inji yake, sai tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ga maganar, ba zan rage komai ba.

Mu goma sha huɗu ne a gidan, ɗaki uku a bayan wata masana'antar bulo. Sayibu ya ajiye kekensa a bakin ƙofa. Mutanen unguwar shi ke yi musu ɗinki, har kayan sallar 'ya'yansu, kuma duk ya fi mu jin Larabci. Kwana biyu muna jin ana dukan baƙaƙe a wasu unguwanni, ya ce mu ba za a taɓa mu ba, ai sahu ɗaya muke salla da su.

Da hantsi suka zo, samari da manya, da sanduna da ƙarafa da jarkar fetur, suna ihu suna kiranmu abid, wato bayi. Kowa ya yi ta kansa. Ni da Malam Gariba muka faɗa tankin da ake jiƙa bulo muka ja murfi. Sayibu bai gudu ba. Ya fita da tef ɗin awo a wuyansa, na ji shi yana yi musu sallama, yana kiran wani da sunansa, yana tambayar lafiyar babansa. Ya ɗauka idan suka tuna sun san shi za su ji kunya.

Ruwa yana wuyana, ina jin komai. Ya kira sunana sau biyu. Ban fito ba. Daga baya na ji yana kalmar shahada, sannan suka cinna wa ɗakunan wuta. Malam Gariba ya samu ƙunarsa ne wajen jawo gawar kada wuta ta ci ta.

Sai bayan la'asar muka samu binne shi, da shebur ɗin masu bulo, a gindin wasu itatuwan zaitun a bayan gidan. Ba wanka, ba likkafani, ba salla, domin motocin kwasar mutane sun iso ana ta ihun yalla yalla, wato a yi sauri. Ramin bai kai ƙugu ba. Kuma har yau ban tabbata mun fuskantar da shi alƙibla ba, kaina ya juye a ranar.

Wannan ne na kasa faɗa. Na shigo gidanku da niyyar faɗa, wallahi. Da na ga Inna Mero ta sunkuyar da kai tana yi min sannu da hanya, sai na ji bakina ya ce "mai yiwuwa". Na ce gobe zan gyara. Goben ce ta kai shekara ashirin. Maganarki a kan kunyarta gaskiya ce, na sani tun ranar.

Roƙona ɗaya. Kada ta ji a bakin wani. Mutuwa wanda ya gani shi ke faɗarta, a durƙushe, ba a takarda ba. Hutuna na bana ciwo ya cinye shi, amma mudir ɗinmu, wato manaja, ya ce baɗi zan samu. Ki ba ni zuwa lokacin.

Yayanki mai laifi,
Haladu.

*

Funtuwa,
3 ga Yuli, 2021.

Yaya Haladu,

Salamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya. Allah ya jiƙan Malam Gariba, ya saka masa da abin da ya yi wa yayana. Na zarge ka da gudu alhali kana kwance, wannan ɓangaren ka yafe min. Sauran ban janye ba.

Na karanta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Tef ɗin nan na san shi, ruwan ɗorawa ne, da shi ya auna min rigar makaranta.

Ban zarge ka da shiga tanki ba. Ban san me zan yi ba da ni ce. Amma ka san me ka mai da ni yanzu? Kullum in na biya gidan da la'asar ina tarar da ita a kan sallaya, ta ce Allah ka dawo da yaron nan lafiya, ni kuma in ce amin. Da ina faɗa da zuciya ɗaya. Yanzu ni ma maƙaryaciya ce, kai ka ɗauke ni aiki.

Na yarda zan jira, ba don kai ba. Haƙƙinta ne ta ji daga bakin wanda ya gani, ta kalli idonsa in ta ga dama. Baɗi ka ce. Na rubuta a bangon ɗakina.

Sahadatu.

*

Doha,
14 ga Oktoba, 2022.

Ƙanwata Sahadatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da Inna Mero. Na ji an ce ciwon ya sake tashi da damina, Allah ya sawwaƙe. Saƙonninki na tuni duk ina gani, kunya ce ta hana ni amsawa ba tare da ranar tafiya a hannu ba.

Ba ni da ranar. An sa min hutu a Yuni, aka ɗaga zuwa Agusta, yanzu kamfani ya ce babu mai motsawa sai an gama gasar kofin duniya. Na je wurin mudir na ce uwata ce ba lafiya. Bai ɗago kai ba ya ce Janairu, halas, wato magana ta ƙare. In na ajiye aikin, yara biyar ne a gida ke ci daga gare shi. Na san yadda wannan zai sauka a kunnenki.

An ɗauke ni daga bene an mai da ni bakin tashar jirgin ƙasa. Sati uku ana koya mana murmushi da nuna hanya. Gari ya sha ado, ko'ina tutoci, da manyan alluna masu cewa duk 'yan Adam ɗaya ne, a daina wariyar launin fata. Ina tsaye ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu awa goma sha biyu, in na gaji da tsayuwa sai in karanta.

Bari in ba ki labarin taronmu na bana, don ban da wanda zan ba. Tun da Malam Gariba ya rasu muka rasa ɗaki. Sai Dakta Dikko, wani likita da wansa ke cikin waɗanda ba a gani ba, ya ce shi zai ɗauki nauyi. Mutumin kirki ne, ba na cin namansa. Ya kama zaure a wani otal a Al-Sadd, ya gayyato injiniyoyi da malaman jami'a, mutum kusan sittin. Mu da muka ga abin da idonmu mu biyar ne kawai, saura an sallame su gida ko suna bakin aiki. Na zo daga aiki da kakin gadi, sai mai tsaron ƙofar otal ɗin, baƙi ɗan'uwana, ya nuna min ƙofar ma'aikata ta baya. Sai da Dakta ya fito ya shigo da ni.

Kafin a fara ya ja ni gefe ya ce, Malam Haladu, sunaye kawai, ban da labari. Muna ƙasar mutane, ga idon duniya a kan garin, kada a ce muna tsokanar Larabawa. Na duba takardar shirin taro, an rubuta: addu'a ga 'yan'uwa da suka rasu a ƙasar waje. Kamar zazzaɓi ne ya kashe su. Na karanta sunayen yadda aka ce, aka shafa, aka ci abinci da cokali mai yatsu, aka yi hotuna. Ina cin abincin ina jin haushin Dakta, sai na tuna ni ma abin da na yi wa Inna Mero ke nan, kuma na riga shi da shekara ashirin. Daga nan na ajiye cokalin.

Wata uku ya rage. Kin yi haƙurin mai yawa, ki ƙara kaɗan. Ranar da na sauka Kano ba zan biya gidana ba, Funtuwa zan wuce.

Yayanki,
Haladu.

*

Funtuwa,
19 ga Disamba, 2022.

Yaya Haladu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Jiya an gama ƙwallonku, yara sun cika gidajen kallo, ni ma na leƙa talabijin ko zan hango ka cikin masu nuna hanya. Ban gan ka ba. Sai ka shirya jakarka.

Ba sai ka yi sauri ba. Na gaya mata.

Ranar sha biyu ga watan jiya ta faɗi a bakin rijiya, ta yi kwana biyu ba ta gane mutane. Da ta farfaɗo abin da ta fara nema sallaya ce, kuma ka san addu'ar da ta fara yi. Na buɗe baki in ce amin, ya ƙi fita. Na san na yi maka alkawari. Na karya, kuma ban yi nadama ba.

Na bari ta ƙara ƙarfi. Ranar wata Laraba da hantsi na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa, na karanta mata takardarka ta watan Yunin bara tun daga sallama har sa hannu. Ban tsallake tanki ba, ban tsallake kiran da ya yi maka ba, ban tsallake alƙibla ba. Na kuma ba ta labarin takardar sunayen da kuke karantawa a Doha. Tana zaune tana kallon tafin hannunta. Da na gama ta yi salati, ta ce in fita in ja mata ƙofa. Ko a wannan ranar ba ta yarda na ga hawayenta a kansa ba. Na zauna a tsakar gida ina jin abin da ban taɓa ji daga ɗakin nan ba.

Washegari ta aika aka kira liman. An yi wa Sayibu salla a ƙofar gida ba gawa, mutane sun cika layi har bakin titi, tsofaffin abokansa masu ɗinki duk sun zo. Aka yi gumba aka raba. Mata suna ta shigowa gaisuwa, tana amsawa kamar mutuwar maƙwabci.

Bayan kwana bakwai ta kira ni ta ce in ɗauko biro. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ki gaya masa rashin wanka da likkafani bai dame ni ba, wanda aka kashe da zalunci Allah ya san yadda zai karɓe shi. Tankin ma ban ga laifinsa ba, rai ne. Su bar sunan a takardarsu, su ne suka riƙe shi lokacin da ban sani ba. Amma shekara ashirin da biyu, salla biyar a rana, ina roƙa wa yaron nan hanya, shi kuma yana kwance yana jiran in roƙa masa rahama. Baƙi a wata ƙasa suna ce masa Allah ya jiƙansa, uwarsa ba ta ce ba ko sau ɗaya. Wannan shi Haladu ya ɗauke masa."

Na tambaye ta ko in rubuta ta yafe. Ta ce in rufe biro. Ni ma ban tsira ba, ta tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa mata, ta ce shekara biyu daga ciki a wuyana suke.

Yanzu in ta idar da salla ba ta tashi. Tun asuba har rana ta take, daga azahar har la'asar ta riske ta a wurin, carbi a hannu. Abinci sai an yi da gaske. Na ce Inna ki huta, likita ya hana ki dogon zama. Ta ce ramuwa take yi, kamar mai ramuwar azumi, kuma ba ta san ko kwanakinta za su kai ba.

Na gaya mata kana nan tafe a Janairu, kana so ka durƙusa a gabanta. Ta ce in ka zo a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a ba ka ruwa, a gode maka da tafiya. Ba fushi ba ne, in ji ta. Lokaci ne ba ta da shi.

Sahadatu Aruna.